Dattijo da Kwalbar Jan Farce

A bakin wata madatsar ruwa kusa da Kunci, wani dattijo yana zaune a kan buhu, ya naɗe wando har gwiwa. Ban san sunansa ba. Ƙafafunsa duk faso, hularsa ta koɗe, amma hannunsa ba ya rawa. A gabansa akwai kwalbar jan farce irin ta 'yan mata. Yana ɗaukar ƙugiyoyin fatsa ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu, ya hura, ya soke a jikin kara su bushe.

Na sha jin masu fatsa suna gardama cewa kifi yana zaton ja jini ne, sai ya kawo cafka. Na tsuguna na gaishe shi.

"Baba, da gaske jar ƙugiya ta fi kamu?"

Bai ɗago ba. "A ruwan nan mai laka? Tarwaɗa ƙanshin tana take bi, ɗana. Na gwada ja, na gwada fara, ban ga bambanci ba."

"To me ya sa kake shafawa?"

"Idona ne ya yi rauni. Fara in ta faɗi cikin yashi, ta tafi ke nan. Ja kuwa ina ganinta."

Ina jin an daɗe a gida ana roƙonsa ya huta haka nan, wataƙila ma kwalbar ta jikarsa ce. Ya lalubi bakin wata busasshiyar ƙugiya da babban yatsa, ya zura tana, ya miƙe. Sai ya wurga zaren daidai gindin wata ciyawa, inda ni mai lafiyar ido ban ma lura ruwan yana motsi ba.