Waina a Gidan Sadakar Turawa

Ina da shekara arba'in da biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwar Deptford da ke London. Wata rana malamarmu ta ce za ta kai mu wani ƙauye mu gwada karanta rubutun da ke bangon wasu tsofaffin gidaje. Ta ce wani attajiri ne ya gina su tun zamanin da domin talakawa, ana kiran su gidajen sadaka.

Na ce ai ba zan je hannu rabbana ba. Na sa maiɗakina ta toya waina cike da kwano, na rungume shi a bas har muka isa.

Na sauka ina neman mabukata, sai na ga jerin ɗakuna na jan bulo, ga furanni, ga fararen labulaye, kowanne ya fi ɗan gidan da hukuma ta ba ni haya kyau. Wata tsohuwa tana ban ruwa a ƙofarta. Na rusuna, na harhaɗa ɗan Turancina, na ce, "Mama, ga sadaka."

Ta dubi wainar, ta dubi 'yar sharar da ke jikina a cikin sanyin nan. "Nawa kake sayarwa?"

Na ce kyauta ce, don Allah.

Ta ce, "Bawan Allah, shigo ka zauna."

Ta ba ni shayi, ta ci waina biyu da jam, abin zaƙin nan da suke shafa wa burodi. Da zan tafi, ta ɗauko kwat ɗin marigayi mijinta ta yafa mini, ta ce ba ta son musu.

Har muka dawo London ina tunanin wane ne a cikinmu ya samu ladan. Kwat ɗin dai ya yi mini daidai.