Tayar da Na Saya a Jos

Ranar Asabar da ƙarfe shida saura kwata na tura mashin ɗin daga zaurenmu a Wunti, ban kunna shi ba sai da na kai bakin titi don kada in tashi gida. Mashin ne babba irin na tsere, ja, wanda yayana Aminu ya saya tun yana saurayi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya miƙa mini makulli. Injin lafiya lau, amma tayoyi sun tsattsage, kuma duk Bauchi na nemi irinsu na rasa.

Bakanikenmu, Baba Sale, ya rubuta mini lambobi a bayan kwalin filogi: ta baya 110/90-18, ta gaba 100/90-18. Ya ce lambar farko faɗin taya ce, ta ƙarshe girman wili, kuma wilin nan siriri ne, na zamanin da, mai tib a ciki. Ya ja kunnena kada in ƙara, kada in rage.

Bauchi zuwa Nabordo

Daga Bauchi zuwa Jos kimanin kilomita ɗari da talatin ne. A hankali na riƙa tafiya saboda tsofaffin tayoyin. A shingen da ke gaban Buzaye wani jami'i ya duba takardu, ya zagaya mashin ɗin sau biyu, ya tambaye ni ko na sayarwa ne. Na ce a'a. Bakwai da kwata na tsaya a Nabordo, na sha shayi da burodi na naira ɗari biyar, na gasa hannuwana a murhun mai shayin.

Jos

Tara da rabi na shiga layin 'yan sifiya, masu sayar da kayan gyaran inji, a Dilimi. A shago na huɗu na dace, wurin wani Inyamuri mai furfura, Oga Chidi. Ya karɓi kwalin, ya shiga ciki, ya fito da tayoyi biyu daidai lambar Baba Sale. Da na biya na tafi a lokacin, da ba wannan labarin nake rubutawa ba.

Sai idona ya faɗa kan wata taya da ke rataye a bango, 140/70-18, mai faɗi, mai zane kamar ta mashinan zamani. Ta kusa ninka waccan ta bayan a kuɗi. Na hango mashin ɗin da ita a ƙofar gidanmu, mutane na tsayawa kallo.

"Malam, wannan ba na mashin ɗinka ba ne," in ji Oga Chidi. "Zai shiga, amma ba zai zauna daidai ba. Ɗinkinsa ma daban da na gaba."

Na ce kuɗina ne. Ya ɗaga kafaɗa, ya sauko da ita, na biya ta tare da ta gaba. Mai facin da ke gefen shagon ya sha wuya kafin ta hau wilin baya. Da ya ba ta iska sai ta matse, tsakiyarta ta yi tsini, gefenta kuma saura kaɗan ya taɓa sarƙa. Shi ma ya ce bai so ba. Na ga abin da idona, amma na riga na biya, kuma kunyar komawa shagon ta hana ni. Na ci shinkafa da wake, na yi azahar, na kama hanya ƙarfe biyu da minti goma.

Tilden Fulani zuwa Magama

A miƙaƙƙiyar hanya ban ji komai ba, har na fara jin daɗi. A kwana kuwa, gaba yana bin inda na nufa, baya yana faɗawa da kansa. Bayan Tilden Fulani aka fara yayyafi. Na rage gudu, amma ban rage yadda ya kamata ba.

Kafin Magama akwai wata kwana mai gangara. Ina kwantar da mashin ɗin sai baya ya zame. Na ji ni a kan kwalta ina tafiya da kafaɗa, mashin ɗin kuma ya wuce ni ya daki bakin kwalbati. Hular kwano ta cece ni. Na tashi da gocewar hannu da saluɓewar fata daga gwiwa zuwa ƙauri. Tanki ya lotsa, fitila ta tarwatse, baƙin mai yana zuba daga gefen injin.

Wani direban a-kori-kura mai suna Bulus, wanda ya ɗauko dankalin Turawa zai kai Kasuwar Muda Lawal a Bauchi, shi ya tsaya. Da shi da wasu manoma uku suka ɗora mashin ɗin a kan buhuna. Ya tsaya a Magama wani mai kemis ya wanke mini ciwo. Duk hanya Bulus bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba.

Gida

Shida da rabi muka iso Wunti. Yaya Aminu yana zaune a kujerarsa a ƙofar gida. Ya dubi mashin ɗin daga gaba zuwa baya, idonsa ya tsaya a kan tayar. Na jira faɗa. Sai ya ce in matso, ya kama hannuna mai ciwo da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana riƙe da shi.

Washegari ya aika aka kira Baba Sale, ya ce ya nemo mai sayen mashin ɗin, ko nawa ne. Na roƙe shi, na ce zan gyara komai, zan koma Jos in ɗauko tayar da ta dace.

"Ba mashin ɗin nake ji ba," ya ce, maganar tana fita da ƙyar. "Mu biyu muka rage. Idan ka kwanta, wa zai ɗaga ni?"

Bayan kwana tara wani mutumin Gombe ya zo ya ɗauke mashin ɗin a mota. Yaya bai fito ba, ya ce a rufe tagar ɗakinsa.

Ina yi wa Allah godiya da ya dawo da ni da raina. Na gode wa Bulus da ya ƙi karɓar ko kwabo, da manoman nan uku da ban san sunansu ba, da Oga Chidi, wanda ya gaya mini gaskiya a kan kayan da shi kansa yake sayarwa.