Tabaran Waldar Baba

Babanmu mai walda ne a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙofofi da tagogi ne aikinsa. Wata rana wata malamar jami'a, 'yar Kudancin Kaduna da ke haya a layinmu, ta zo masa da zanen wani murhu mai cin gawayi kaɗan. A sashensu aka ƙirƙiro shi, ta ce sun gaji da ganinsa a takarda, so suke ya shiga kasuwa. Kyauta ta ba shi zanen, ta haɗa masa da baƙin tabarau na walda.

Murhun nan ya karɓu. Masu ƙosai da masu abincin Unguwa Uku suka yi ta sahu, har daga Ƙauyen Alu ake aiko Adaidaita a ɗauka. Da shi aka yi mana rufin ɗaki, da shi na shiga jami'ar ni ma.

Tabaran kuwa yana rataye a ƙusa. Wai duhu yake sa masa, aiki ba ya sauri, ga mutane na jira. Sai ya kanne ido ɗaya ya kawar da kai. Wallahi na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Haba Baba! Idon nan guda nawa gare ka?" Ya ce, "Uwar masifa, kawo min ruwa." Da yamma Inna ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a fuska, hawaye na bin kunnensa.

A hankali ya fara lalube. Da muka je asibiti likita ya ce an makara.

Shekarar da jami'a ta yi baje kolin abin da ta haɗa da 'yan kasuwa, malamar ta zo da kanta ta ɗauke mu a mota. Ni na riƙe hannunsa. A bakin zauren an kafa ƙaton hotonsa, wanda suka ɗauka tun farkon aikin. Malamar ta ce, "Baba, ga ka nan, ka fi kowa girma."

Ya ɗaga kai yana murmushi, ba ma ɓangaren hoton yake fuskanta ba. Ya ce, "Yaya na fito?"

A hoton yana sanye da tabaran. Ranar kaɗai ya taɓa sa shi, don mai hoto ya roƙe shi. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi ɗaci.

Na ce, "Ka yi kyau, Baba." Na juyo da shi ya fuskanci hoton.