Kawu Isiyaku Ya Ce Kada a Sauke Giyar

Ina neman afuwar manya waɗanda suka fi ni sanin marigayin. Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ba malamina ba. Kewa ce ta sa na yi karambani.

Ranar Alhamis da hantsi muna cikin darasi aka ce ana nemana. Na tarar da Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, tsaye a bakin aji da hijabinta a baibai. Ta ja ni muka hau keke napep. Sai da muka wuce Wunti, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Hauwa'u, sai haƙuri. Kawunki Isiyaku ya faɗi a gareji, Allah Ya karɓi abinSa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu Isiyaku yayan mahaifiyata ne, bakanike a Gwallaga, mai gyaran giyar motocin otomatik. Mutum ne marar gaggawa. Ba ya miƙa wa kowa hannu sai ya wanke shi da omo da yashi, ko da wanda ya zo ɗin zai gaji da tsayuwa. Tun ina firamare yake ce mini Malama, kuma bai taɓa ɗaukar littafina ba sai ya goge yatsunsa a rigarsa. Yakan ce, "Mota ba ta ƙarya, mu ne ba ma saurara." Yakan kuma ce, "Mai saurin kwance noti shi ke daɗewa yana neman inda ya faɗi."

Bara mahaifina, Abba, ya sayi wata jif 'yar Kwatano. Kwanan baya ta tsiri karkarwa: da zarar gudunta ya kai sittin zuwa saba'in, sai ka ji kamar an bar kwalta an hau burji. An canza tayoyi, an canza fulogi, ba ta daina ba. Kowa ya ce giyar ta mutu. Da tafiyar aiki ta kama Abba zuwa Gombe, sai ya bar wa Kawu makullin.

Ranar Talata, kwana biyu kafin rasuwarsa, na fito daga makaranta na ga motar a bakin ƙofa.

"Malama, shigo, yau ke ce injiniya," in ji Kawu. "Na tsinci littafin motar, amma Bature ya rubuta shi kamar ƙafar tururuwa."

Muka hau hanyar Jos. Ya riƙe totur wuri guda, bai ƙara ba bai rage ba. Da karkarwar ta zo, sai ya ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, taɓawa kawai. Nan take motar ta yi luf. Sau uku yana yi, sau uku tana lafawa. Ya yi dariyar nan tasa da ba ta fita sai ta hanci.

"Kin ji? Da taya ce ko fulogi, ina ruwansu da birki? Konbata ce ke zamewa."

Ya ce konbata wani ƙarfe ne mai kama da ƙwarya a tsakanin inji da giya, kuma da mai take aiki. Ya tsaya a gefen hanya, ya zaro sandar auna man giya, ya ɗiga a kan takardar da na yago daga littafina. Man ya yi duhu, yana ƙauri. Ya sa na karanta masa irin man da littafin ya ce a zuba, na rubuta haruffan da lambobin a ƙasan ɗigon.

"Ba shi aka zuba mata ba," ya ce. "Mutanenmu in dai mai ja ne shi ke nan, sai ka ce zoɓo. A tsiyaye ta ƙasa, a zuba nata, a yi kwanaki ana hawa, a sake, har sau uku. Amma kada a sauke giyar nan. Giyar da ta zo da mota haƙorin mutum ce, ba a cire shi don ya ɗan yi ciwo."

Na ce ya kira Abba ya gaya masa. Ya ce maganar mota ba ta waya ba ce, Juma'a in Abba ya dawo za su zauna. Juma'ar ta same mu a zaman makoki.

Bayan sadakar bakwai, na kai shayi zaure na tarar da Abba da Malam Sabo, abokin aikin Kawu na gareji ɗaya. Na ji sun tsayar da magana: gobe za a sauke giyar a ɗora wata ta hannu. Duk duniya ni kaɗai na ji abin da Kawu ya faɗa. In na yi shiru, maganarsa ta ƙarshe a kan sana'arsa ta bi shi kabari. Ni kuwa ban taɓa buɗe baki a gaban baƙin Abba ba. Na koma ciki, na zauna, na tashi, na sake zama. Daga baya na ɗauko takardar na dawo na durƙusa.

"Abba, Kawu ya ce kada a sauke."

Malam Sabo ya dube ni ya yi murmushi. "Alhaji, ashe Isiyaku ya bar magajiya? 'Yar boko, ke da ko sifana ba ki taɓa riƙewa ba!"

Na miƙa masa takardar. Ya duba, ya kai hanci ya shinshina. Murmushin ya ɓace.

"Ya taɓa birki da ƙafar hagu?"

"Sau uku, Baba."

Malam Sabo ya juya wurin Abba. Sannan ya ce, "Alhaji, shi ne ya yi magana, ba ita ba."

Washegari Malam Sabo ya tarar da kwalin mai a ƙarƙashin bencin Kawu, lambarsa daidai da wadda na rubuta. Ashe Kawu ya riga ya aika an kawo daga Kano. Malam Sabo ya yi aikin yadda aka faɗa, bai tsallake ko ɗaya ba.

Bayan canji na uku, Abba ya ce in shiga mu gwada. Muka hau hanyar Jos. Sittin, saba'in, tamanin, motar na tafiya sumul. Da muka juyo cikin gari, maimakon ya nufi gida Ƙofar Wambai, sai na ga mun kama hanyar Gwallaga. Sai da muka hango rumfar garejin da bencin babu kowa a kai Abba ya taka birki. Ya ce a hankali, "Wallahi zuwa na yi in gaya masa." Ni ma abin da ke raina ke nan tun daga hanya.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Isiyaku, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa haƙurin da ya yi da mutane da kayansu ya zama nauyi a mizaninsa. Ka bai wa matarsa Inna Rakiya da 'ya'yansa juriyar rashinsa, Ka raya su cikin rufin asiri. Ka sanyaya zuciyar Umma, mahaifiyata, wadda har yau takan ɗebe masa tuwo kafin ta tuna. Amin.

Akwai sauran abubuwan da na gani a wurinsa, ina tsoron kada su dushe mini. In Umma da Inna Rakiya sun yarje mini, ina roƙon a bar ni in sake rubutawa.