Jan Farce a Jikin Fanka

Shekara ashirin da biyu Anti Taifis ta yi a kan tebur ɗaya, kusa da taga. Ba ta da surutu, amma taɓa mata kwamfuta ka ga tashin hankali. Tsohuwa ce kwamfutar, ƙaton akwatinta a ƙarƙashin tebur, sai dai gatan da take samu ko jariri albarka. Duk ƙarshen mako Anti za ta kwance murfin, ta share ƙura da tsohon buroshin haƙori, ta ɗiga wa 'yar fankar da ke sanyaya akwatin man keken ɗinki. Har jan farce ta taɓa ɗiga wa reshe ɗaya na fankar, don ta riƙa gane tana juyawa ko ta tsaya.

Teburin da ke gefenta na Akawu ne. Shekara goma sha biyar kwano ɗaya suke ci, yaransa ma Goggo suke ce mata.

Da ta dawo daga jinyar mahaifiyarta bayan mako shida, sai kwamfutar ta tsiro da sabon hali. Minti ashirin, akwatin ya ɗau zafi kamar dutsen guga, allon ya ɗauke, aiki ya bi iska. Kwana uku ana haka. Shugaban ofis ya kira ta ya ce in rahoton shekara bai fito ran Alhamis ba, za a mayar da ita ɗakin ajiya a ba wani teburin.

"Haƙuri za ki yi, Anti," in ji Akawu. "Tsufa ne. Injin ma gajiya yake, balle mutum."

Maganar ta sosa mata rai, amma ta haɗiye. Ta durƙusa, ta kara tafin hannu a bayan akwatin. Babu iska. Ta kashe, ta kwance murfi, ta duba wayar fanka: a jone take daram. Ta tura reshen da yatsa, ya motsa da ƙyar ya cije. Ƙura ta yi masa kauri, irin wadda sai an shekara ba a share ba. Ita da ko wata biyu ba ta yi da sharewa ba? Ta haska da fitilar waya, ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Ba jan farce.

Tana nan durƙushe idonta ya kai ƙarƙashin teburin Akawu. Tasa kwamfutar, wadda kafin tafiyarta kullum sai ya yi ƙorafin zafinta, tana aiki lafiya lau. Ta cikin ragar bayanta, wani siririn jan zobe yana ta juyawa.

"Malam Akawu, wannan fankar tawa ce."

"Wallahi aro na yi, Anti. Na so in faɗa miki."

"Yaushe? Bayan an kai ni ɗakin ajiya? Kwana uku kana kallo ana wanke ni, har kana ce min tsufa ne!"

Akawu ya ja kujerarsa baya. Da hannunta ta kwance fankarta daga kwamfutarsa ta mayar, iska ta dawo, rahoto ya fito tun ran Laraba. Tebur ya zauna nata, amma ko kusa ba ta ji daɗin da ta zata ba. Fanka ai abin banza ce, da ya roƙa da ta ba shi.

Da rana Akawu ya buɗe kwano kamar kullum, ya ajiye cokali biyu.

"Bismillah, Anti."

"Na ƙoshi," ta ce, ta juya kujerarta ta fuskanci taga.