Ruwan Shuka a Bakin Teku

Ni da ƙanena muka ƙulla abin. Shi yana sayar da albasa a wani ƙaramin gari na bakin teku, gaba da Legas, ni kuma ina koyarwa a Safana. Mahaifinmu yana Wagini, ya kafe a kan gonarsa ta bakin daji, inda 'yan bindiga suka riga suka ɗauke maƙwabtansa biyu. Mun yi magiya ya bar gonar har mun gaji. Sai muka ce ya zo ya ga jikarsa da aka haifa wa ƙanena, ya yi kwana bakwai kacal ya koma. Nufinmu ya zauna can har damina ta wuce. Ƙarya muka yi masa, kuma ni na tsara ta, ni na raka shi can.

Ƙanena ya shiga tallar garin kamar yadda yake tallar albasa. Ya kai mu kasuwar kifi, inda hayaƙin banda ya hana mu buɗe ido. Ya nuna wa Baba asibiti, da masallacin Hausawa mai famfo, ya yi ta kurin wutar lantarki, wadda ranar ko leƙowa ba ta yi ba. Muka shiga wani tsohon gini da aka ce nan ake tsare bayi kafin a zuba su a jirgi. Baba ya dubi sarƙoƙin, ya ce Allah ya kyauta, ya riga mu fita.

Da muka isa teku ni kaina sai da na ja da baya, don ban taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba. Shi kuwa ko kallon kirki bai yi masa ba. Ya tsuguna, ya damƙi yashi, ya murza, ya ɗanɗana.

"Gishiri. Mi ke fitowa a nan?"

"Kwakwa, Baba," in ji ƙanena.

"Da ita kuke tuwo?"

Wani mai hoto ya ɗauke mu a wurin, mu uku.

A rana ta huɗu ruwa ya goce. A gida lokacin bazara ce tsagwaronta, ko rani bai gama sakin mutane ba. Baba yana da al'ada tun muna yara: in ruwan farko ya sauka, sai ya tona ƙasa da hannu, in laima ta kai zurfin taƙin hannu guda, gobe shuka. Ruwan yana ɗaukewa na same shi a bayan ɗaki, hannunsa ya nutse har gwiwa.

"Ruwan shuka ne. Ku nemo mani mota."

Muka yi ta bayani, ruwan kudu yana riga namu da kusan wata biyu. Na buga wa kawunmu waya a Wagini, ya ce ko ɗigon hadari babu. Baba ya ce in ya sauka nan, ai yana hanya. Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ba mu kawo shi don ya koma ba.

Ya ce, "Na sani tun a tasha. Wa ke kwashe wa mai kwana bakwai kayansa kaf? Amma irina na cikin rumbu, ni ina nan ina cin kifi?"

Dole na mayar da shi gida. Kwana biyu muna hanya, bai ce mini uffan ba sai in lokacin salla ya yi. A gida ya kasa jiran ruwan, ya binne irinsa a busasshiyar ƙasa. Ruwa ya zo, gero ya tsiro. Yana noman farko 'yan bindigar suka same shi a gonar, da hantsi. Bai sake dawowa gida ba.

An ce geron ya yi kyau a shekarar. Babu wanda ya je girbi.

Hoton yana wurina, kuma har yau ina jin kunyar muryar da na ɗaga. Ni da ƙanena muna murmushi, teku a bayanmu, shi ƙasa yake kallo.