Kada Kowa Ya Taɓa Teburin Haliru

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Haliru ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni a Kalgo, ina zaune gaban mai shayi, ko kurɓa ɗaya ban yi ba.

Haliru na Gwandu fa, mai gyaran rediyo da lasifika, wanda kuke gani a hotunana kullum yana kare fuska da hula. Ya dawo sallar asuba, ya ce wa maiɗakinsa kansa na sara, ya kishingiɗa. Shi ke nan.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. In zauna, in tashi, in zaga, in dawo. Ku yi haƙuri da yadda zancen zai zo muku.

Wansa, Yaya Attahiru, shi ya kira ni. Kun san abin da ya fara fita bakina bayan salati?

"Yaya, don Allah kada kowa ya taɓa teburin nan."

Ya ce, "Sadiƙu, ƙanena na kwance ko wanka ba a yi mai ba, kai kana zancen na'ura?" Ya kashe waya.

Gaskiyarsa ne. Wallahi har yanzu kunyar maganar nake ji. Amma ku tsaya in gaya muku wane tebur ne.

Shekarun baya wani gidan rediyo ya yi gwanjon tarkacensa, Haliru ya kinkimo tsohuwar mikisa, na'urar haɗa sauti irin ta da, wadda ba ruwanta da kwamfuta. Layi goma sha shida, maɓallai rututu, nauyi sai ƙarti sun taru. Saboda girmanta muke ce mata tebur. A bayan motar albasa aka kawo, har watanni in abin ya ɗau zafi sai ɗaki ya game da warin albasa. Da muka buɗe ciki, ɓera ya yi gida har da jikoki.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni da laftof nake aiki, tallan rediyo da waƙoƙin biki nake haɗawa. Na ce, "Hali, wannan ai mushe ka sayo."

Ya ce, "Suma ta yi."

Haka ya zauna mata layi ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfen soda da tsohon burushin haƙori. Abin da ya ƙone ya yi ta aiken direbobi Kano da Legas su nemo masa, wani sa'in a kawo wanda ba shi ba, ya yi tsaki ya sake aike. Damina biyu ta wuce a kan haka. Ran da layi na farko ya yi magana, ya kira ni yana ihu kamar an yi masa haihuwa.

Shagon da ke jikin zaurensu ya raba biyu, ya sa gilashi a tsakani. Ɗayan na tebur, ɗayan na masu murya. Bangon kuwa buhunan ƙaiƙayin shinkafa ya jera ya rufe da zana, don kada hayaniyar titi ta shigo. Mai injin niƙa na maƙwabta ma sai da suka ƙulla: Hali na gyara masa rediyo, shi kuma da ya ga an rataya jan ƙyalle a taga sai ya kashe inji.

Sai wani ƙugi ya addabe mu a lasifika, huuuu, ba dare ba rana. Hali ya haƙa rami bayan ɗaki, ya binne sandar jan ƙarfe da gishiri da gawayi, ya ɗaura mata waya. Ƙugi ya ɗauke ɗif. Amma sai ƙasar na da laima abin ke aiki, don haka kullum safiya za ka gan shi da buta yana ba ƙarfe ruwa. 'Yan unguwa suka sa shi gaba: "Haliru, yaushe shukar taka za ta yi ɗiya?" Sai ya ce su bari sai kaka.

Kai, Hali!

Shekarar da ruwa ya ci shagona a Kalgo, ban kira shi ba. Ji ya yi a bakin wani, sai ga shi a babur jiƙe sharkaf. Ya kwashe makirufona da wayoyina ya tafi da su Gwandu, ya dawo da su suna aiki. Na sa hannu aljihu, ya yi mini wata harara da ban sake gwadawa ba.

Shi ya koya mini naɗe waya. In na naɗe ba daidai ba, ba ya faɗa, sai ya warware ya miƙo mini. Haka za mu yi ta yi har in ƙule.

To, da aka zo ƙasan ɗakin masu murya, Hali ya ce shi ba zai sa siminti ba, siminti na dawo da murya. Daɓe yake so. Yaran yanzu ba ku san daɓe ba. Ƙasa ce da tsakuwa ake shimfiɗawa, a yayyafa ruwan makuba, mata su durƙusa da madaɓi suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi sulɓi. Ya tafi Dodoru, ƙauyen mahaifiyarsa Inno, ya tattaro tsofaffin ƙawayenta da ƙanwarta, Yafendo Kulu. Ya rataya wa kowace makirufo sama da kanta.

Aikin farko da situdiyon ya ɗauka ke nan: daɓen ƙasansa.

Ni ne a kan kwamfuta ranar, na ɗauki kowane layi daban. Yafendo Kulu ke ba da waƙa, Inno da sauran na amshi, madaɓai na sauka tare, tim, tim. Tsofaffin nan suka manta da mu. Suka yi habaici, suka yi zambo, suka tono samarin da suka daɗe a ƙasa. Hali na bayan gilashi yana dariya ba sauti.

Ba a yi nisa ba Yafendo Kulu ta rasu. Ita kaɗai ta rage wa Inno cikin 'yan ɗakinsu.

Inno kuma kunnenta ya yi nauyi. Da aka kunna mata ɗaukar yadda take, ta saurara, ta saurara, ta ce ita bugu kawai take ji, ba ta jin Kulu. Ta tashi ta shige gida.

Daga ranar Hali bai huta ba.

Ga abin da Yaya Attahiru bai sani ba, kuma da yawanku ba ku sani ba. Ni a laftof in na haɗa sauti sai in yi sebin, gobe in buɗe in same shi yadda na bari. Teburin Hali ba ya sebin. Haɗin yana nan a jikin maɓallan, kowane a inda yatsansa ya tsayar da shi. Yaro ya gifta ya murɗa ɗaya, ko a sa tsumma a goge ƙura, aikin ya tafi. Kada ma wani ya ce mini a ɗauki hoto. Tsoho ne, ko ka mayar da maɓalli daidai inda yake a hoto, ba ya ba ka abin da ya ba ka jiya. Sai an juye haɗin a kwamfuta tukuna ake samun kwanciyar hankali.

Makon jiya na je Gwandu. Haɗuwarmu ta ƙarshe ke nan, ban sani ba.

Ya kunna mini haɗin waƙar daɓen. Na yatsine fuska. Na ce, "Hali, mene ne wannan? Muryar Yafendo ta yi kaifi kamar reza, ka kuma danne bugun. Ko ɗan koyo ba zai yi haka ba."

Ya ce, "Ba don kunnenka niy yi ba."

Ya leƙa cikin gida ya riƙo hannun Inno, ya zaunar da ita, ya ɗora mata hedifon kan kallabi. Ya riƙa murɗa wani maɓalli kaɗan-kaɗan yana kallon fuskarta, ba ya ko kallon teburin. Sai na ga tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Kulu ta! Wallahi Kulu ta!"

Ta shiga yin amshi, hawaye na zuba. Ni na rasa inda zan sa idona.

Da ta fita na ce, "To juye shi yanzu-yanzu, kafin wani abu ya faru." Ya ce a'a, saura ƙiris, akwai wuri ɗaya kusa da ƙarshe da amshi ke rufe Yafendo. Na ce wannan ƙiris ɗin naka shi ya cinye mana damina biyu. Ya yi dariya, ya rufe teburin da tsohon zanen matarsa, ya ce, "Ka dawo mu juye tare. Kai dai gaggawa ta yi ma yawa."

Yau ga ni na dawo.

Hanyar Kalgo zuwa Gwandu ba ta taɓa yi mini tsawo irin na yau ba. A Birnin Kebbi mota ta ƙi cika. Na sauka, na koma, na sake sauka. Na kira Yaya Attahiru bai ɗauka ba. Na san gidan makoki: baƙi za su zo daga Dodoru da ko'ina, ɗakin nan shi ya fi kowane sanyi, kuma yana bakin zaure. Ba mugunta ba, wani mai son taimako ne zai ce a fitar da wannan ƙaton abu a shimfiɗa tabarmi. Ina cikin mota ina yi wa abokina addu'a, zuciyata na kan maɓallai. Allah ya yafe mini.

Na samu sallar jana'iza da ƙyar. Mun kai shi, mun dawo.

A ƙofar zaure Yaya Attahiru ya kama hannuna. Na ɗauka faɗa zai yi. Ya ce, "Na sa samari su hidda kayan tun da sahe. Je ka ga abin da ya hana."

Ɗakin yana da ƙofa ta cikin gida. Inno ce zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar teburin, carbi a hannu. Tun asuba take nan. Mata sun yi, sun yi, ta ƙi tashi. Zanen na nan a rufe yadda ya bar shi.

Ta ɗago ta ce, "Sadiƙu, ka zaka? Yac ce kar a taɓa."

Na fita na ɗauki buta na zaga bayan ɗaki, domin yau babu wanda ya ba ƙarfen ruwa. Nan na yi kukana.

Da na dawo na ce zan juye haɗin, Yaya ya ce shi ba a yi masa kiɗa a gidan makoki, na ce ba wanda zai ji, a hedifon ne. Na kunna wutar sola, na yaye zanen da yatsu biyu. Na juye haɗin tun daga farko har ƙarshe ban taɓa komai ba. Wurin da ya ce saura ƙiris na kasa kunne: ya gyara shi. Muryar Yafendo ta fito tar a kan amshi. Ashe ya gama, ni yake jira.

Na sa wa Inno. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi amshi ba yau. Ta zare hedifon ta riƙe a cinya.

"Shi hwa? Muryatai na ciki?"

Jama'a, tana ciki. Layi na ƙarshe na makirufon da yake magana da masu waƙa ne daga bayan gilashi, kuma shi ma na ɗauke shi ranar daɓe. Amma Hali kullum a ƙasa yake barin wannan layin. Yakan ce mai ɗaukar murya ba ya shiga waƙa.

Na tsaya ina kallon maɓallin. Ni da na yini ina ihu kada kowa ya taɓa. Yatsansa ne ya sauke shi da kansa.

Inno na kallona.

Na mayar mata da hedifon, na ɗauki ɗayan na sa, na koma farkon ɗauka, na tura layin sama. Sai ga Hali, da gyaran muryarsa da komai:

"To Inno, bismillah. A hankali dai. In kin gaji ki ce in tsaya."

Inno ta ce da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne ke yi, har mata suka leƙo:

"Ban gaji ba, Hali."

Haka ta amsa masa ranar daɓe. Na ji amsar ta wancan lokaci da ta yanzu sun fito kusan tare.

Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce in ƙara. Yaya Attahiru na tsaye bakin ƙofa, ya miƙo hannu na ba shi nawa hedifon. Da ya ji, ya juya ya fuskanci bango. Daga baya ya ce wa samarin a shimfiɗa wa baƙi a rumfa, ɗakin nan a bar shi.

Al'adar Hali ce in an gama aiki ya sauke kowane layi ƙasa, ya mayar da maɓallai tsakiya, wai kada na baya ya gaji hannun wani. Na san ya kamata in yi masa haka. Ban iya ba. Na mayar da zanen na rufe, layinsa na sama.

Ya Allah, ga Haliru nan ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabari, ka sa ya huta, shi da bai iya hutawa ba sai ya ga abu ya gyaru. Ka jiƙan Yafendo Kulu. Ka ba maiɗakinsa da 'ya'yansa da Yaya Attahiru haƙuri. Ka riƙe Inno.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, kada ku tsaya a danna hoton hawaye. Ku ajiye wayar, ku yi masa Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunansa: Haliru. Ku sa Inno a ciki, domin har yanzu da nake wannan rubutu tana zaune jikin teburin, ta ce in na gama in zo in sake kunna mata.